Yinin da Baba Ya Yi Yana Kiwon Kwamfuta a Magarya

Shekarun baya, tun ba ni da shago ba ni da iyali, ba ni kuma da wannan tumbin da kuke tsokanata a kansa duk sanda na ɗora hoto, na taɓa yin fushi da mahaifina na kusan mako guda saboda kwamfuta. Abin da ya tuno mini da zancen shi ne tambayar da wani daga cikinku ya yi mini shekaranjiya. Wai zai sayi ordinatar, kamar yadda muke ce mata a nan, to shin ya daure ya haɗa kuɗi ya sayi sabon yayi, ko ya lallaɓa ya ɗauki ta hannu mai araha? Na fara rubuta masa amsa a taƙaice, sai na ga ta ƙi taƙaituwa. To ga ta nan da tsawonta, wanda ya gaji ya huta ya dawo.

Lokacin ina zaune a ƙauyenmu, can gefen Dogo-Dogo. Na gama kolej, na yi wata shida a Damagaram wajen wani ƙanen mahaifiyata ina koyon buga takardu, na dawo gida da takardar shaida da yatsu masu sauri, amma babu abin dannawa. Garinmu ko sandar kuran, wutar lantarki, babu. Da damina ina bin Baba gona, da rani kuwa muna gindin bedi, itacen dogonyaro, ni da sa'o'ina, ana dafa shayi ana zancen wanda ya tafi Aljeriya da wanda zai tafi. Kowane wata sai tabarmar ta ƙara faɗi, don masu zama a kanta suna raguwa. Ni ma na riga na ƙudurta a raina cewa da an ɗaure gero an kai rumbu zan bi sahu. Kuɗin hanya ne kaɗai ya riƙe ni.

Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji a gidan. Baba bai taɓa buɗe baki ya ce kada in tafi ba, don shi ba mai faɗin irin wannan magana ba ne. Ko sunana ba ya kira saboda kunyar ɗan fari. In zai yi magana da ni "kai" ne, in zai yi maganata da wani "wannan" ne. Manomi ne kuma makiyayi, sannan a duk yankinmu an san shi da taurin ciniki. Na taɓa tsayawa cikin rana ina jiransa yana tayin igiyar ɗaure akuya har inuwa ta juya, daga ƙarshe kuma bai saya ba.

Ana cikin haka wani abokina da ke aiki a biro, wato ofishin magajin gari, ya zo mini da labari. Za a fita da tawaga ƙauye-ƙauye a yi wa waɗanda ba su da takardar haihuwa takarda, manya da yara, kuma ana neman ƙarin mai buga sunaye. Sharaɗin ɗaya ne, mutum ya zo da kwamfutarsa. Ya ce in aikin mutum ya yi kyau akwai yiwuwar a riƙe shi, don biron na fama da ƙarancin masu bugu. Na yi dariya na ce to sai dai in je musu da allon karatuna. Da yamma na ba Inna labarin don ita ma ta yi dariya. Baba yana gefe yana ɗinkin mangala, ko ɗago kai bai yi ba.

Ranar kasuwar Dungas na tashi na tarar babu jan bijiminmu a turke. Sa ne da Baba ya raina tun yana maraƙi, dillalai sun sha zuwa har gida suna taya shi yana korarsu. Bayan la'asar ya dawo shi kaɗai da igiya naɗe a kafaɗa. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce jibi za mu Magarya a sayi abin aikin nan da na ce.

Allah Ya yafe mini, kafin ya rufe baki na gama nawa tsarin. Na san a Magarya akwai mai kawo kwamfutoci na hannu daga Kano, kuma na san kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin san nan ya isa ya saya mini guda. Sai in karɓe ragowar da sunan kayan gyara da na tafiye-tafiye. In aikin tawaga ya yiwu, madalla. In bai yiwu ba, ragowar ta kai ni Agadas har ta wuce da ni gaba. Na yi ƙoƙarin in tafi ni kaɗai, na ce masa hanyar ba daɗi, kuma abin na 'yan lakwal ne, 'yan boko, ba zai gane komai ba. Ya ce ya ji, amma sansa ne ya tafi, yana so ya ga abin da zai shigo gidan a madadinsa. Ban damu sosai ba. Na ce a raina ai in dai araha ake nema, babu wanda ya fi Baba iya nemo ta.

Mun isa shagon da hantsi. Mai shagon wani matashi ne mai fara'a, da ya ga Baba da malfa da sanda sai ya gane inda muka fito, bai ɓata lokaci ba ya fara sauko mana da na hannu. Ga su nan baƙaƙe, masu kauri, wata da ɗan tsagu a gefe, wata haruffanta sun goge saboda dannawa. Ya kunna guda, ta yi gurnani ta kama. Ni kuwa sai yabo nake zubawa fiye da mai kayan, ina cewa irin wannan ce muka koya da ita, ko faɗuwa ta yi ba ta jin komai, kuma in ta lalace kowane mai gyara yana da kayanta. Duk gaskiya na faɗa, sai dai ba don gaskiyar nake faɗa ba.

Baba ya nuna wata da ke cikin gilashi ita kaɗai, ya ce a miƙo masa. Mai shagon ya ce wannan sabuwa ce dal, sabon ƙira, kuma kuɗinta ya ninka na waccan sau uku har da ɗoriya. Baba ya ce bai tambayi kuɗi ba. Aka miƙo masa. Siririya ce, fara-fara, ba ta fi kaurin kaye biyu, littattafan rubutun 'yan lakwal, ba. Ya ɗora ta a tafin hannu ya jinjina, ya ɗauki tsohuwar da ɗaya hannun ya jinjina, ya taɓe baki.

"Wannan ba ta da nama," in ji shi.

Raina ya yi fari tas. A wajenmu nauyi shi ne shaidar ƙarko, ko tukunya ce ko rediyo ko kan garma, sai an jinjina ake saye. Na ce shi ke nan an gama, har na fara hango kaina a bayan babbar mota.

Sai idonsa ya sauka kan wayar da ta fito daga ƙugun tsohuwar ta shige bango. Ya tambayi mai shagon mece ce wannan. Aka ce masa ta nan take shan wuta. Ya tambaya in an cire fa? Mai shagon ya ce akwai batiri a ciki, tana yin aiki ko babu kuran. Har tsawon wane lokaci? Mai shagon ya ce tana jimawa sosai. Baba ya ce sabuwar fa? Ya ce ita yini take yi, abin da aka ƙera ta dominsa ke nan, ko fanka babu a cikinta, kuma da ɗan batirin sola irin na sharjin waya ma tana sha ta ƙoshi. Baba ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi wa dillali in yana rantsuwa a kan shekarun saniya.

"To, yarona, cika su duka biyun su ƙoshi. Sai ka kwance musu igiya, ka ba kowace aiki. Ni ina nan."

Mai shagon ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Na san abin da Baba yake shirin yi, don na sha ganinsa a kasuwar dabbobi. Ba ya sayen sa da safe. Zai zaɓi wanda ya yi masa, ya koma gefe ya zauna, ya zuba masa ido har rana ta take, ya ga yadda yake tsayuwa in ƙishi ya kama shi, ya ga ko yana kwanciya kafin 'yan'uwansa. Yakan ce da safe kowace dabba lafiyayya ce. Amma ban taɓa zaton zai kawo wannan ɗabi'a cikin shagon kwamfuta a tsakiyar Magarya ba. Na raɗa masa cewa nan ba haka ake yi ba. Ya ce in nemo masa tabarma.

Haka aka yi. Da aka tabbatar duka sun cika, mai shagon ya zare wayoyin, ya sa wa kowace hoton bidiyo yana ta juyawa, ya jera su a kan benci. Baba ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ya jingine sandarsa, ya ciro goro. Masu shigowa sayen sharja da katin waya sai sun tsallake ƙafarsa. Kafin wani lokaci labari ya zagaya layin, mai shayi ya leƙo, tela ya leƙo, wani mai gyaran babur ya zo da man inji a hannunsa ya tambaya wacce ke gaba. Ni da nake ji da kaina, ɗan kolej wanda ya zauna Damagaram, na koma lungu na rakuɓe ina addu'ar kada wani da ya san ni ya biyo ta nan. Kunya ta ishe ni, haushi kuma ya fi kunyar.

Ba a kira azahar ba tsohuwar ta yi ƙara sau biyu ta ɗauke. Baba ya dube ta ya ce, "Ta kwanta." Mai shagon, wanda zuwa lokacin abin ya fara ba shi nishaɗi, ya ce a yi mata adalci, wannan batirinta ya tsufa, akwai wata da ya sa wa sabo. Baba ya ce a kawo ta. Aka jera ta kusa da siririyar, muka tafi masallaci muka dawo, muka ci tuwo a wajen wata mai abinci, Baba yana ci yana waiwayen benci. Ta biyun ta yi ƙoƙari, amma ita ma ba ta ga la'asar ba. Siririyar kuwa tana nan tana ta nuna hotonta, ko ɗumi ba ta yi ba.

Nan na fito daga lungu na fara kare arahata da duk abin da na sani. Na ce a sayi tsohuwar da batiri biyu na canji. Baba ya ce a ina za a cika su a ƙauyen da babu kuran? Na ce a haɗa da ɗan ƙaramin gurup, injin wuta, duk da haka kuɗin ba zai kai na sabuwar ba. Ya ce injin me yake ci? Na ce esansi, man fetur. Ya ce wato in sayi dabba, in kuma sayi wata dabbar da za ta riƙa shayar da ita, ita ma in riƙa shayar da ita. Mutanen da ke tsaye suka yi dariya. Na kawo maganar gyara, na ce sabuwar nan a rufe take ruf, ranar da ta lalace babu mai iya buɗe ta daga nan har Damagaram. Mai shagon ya ce wannan gaskiya ne. Na zaci na kama Baba. Sai ya ce ranar da ta lalace ma ga abin da Allah zai yi, yanzu dai aikin wata mai zuwa ake magana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cinikin. Mutumin da ke yini a kan igiyar akuya, mai shago ya faɗi kuɗi, ya taya sau ɗaya, aka rage masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce ya saya. Ya kuma ce a haɗa da batirin solar da ɗan faifansa. Ya zaro ƙullin kuɗin daga aljihun ciki ya miƙa kusan gaba ɗaya. Abin da ya rage bai wuce na motar komawa gida ba. A cikin taksi ina rungume da kwali a cinya, an matse mu mu huɗu a gaba har muka sauka. Kwana shida ina gaishe shi da safe a daƙile in wuce. Shi ko a jikinsa.

Aka fara aiki bayan an gama girbi. Mu biyu ne masu bugu, ni da wani dattijon ma'aikaci daga Dungas da ya zo da tsohuwar kwamfutarsa mai kauri, irin wadda na so saye. Tawagar tana da gurup guda a bayan mota da injin buga takarda. Ranar farko na shimfiɗa siririyata a kan tebur a gindin wata tsamiya, mutane suka kewaye ni, na ji kaina ya ƙara girma. Kafin azahar na buga sunaye fiye da na abokin aikina, ina yi ina satar kallon shef, wato shugaban tawagar, in ga ko yana lura.

Da aka zo fitar da takardu sai girman kan ya sauka. Na ɗauko wayar injin bugawa zan soka, na juya kwamfutata dama, na juya ta hagu, babu ramin da zai karɓe ta. Masu ƙirar sun siranta ta har sun kori manyan ramuka, sun bar wasu 'yan ƙanana guda biyu. Dattijon ya miƙo mini kile, ɗan abin nan da ake kwashe aiki a ciki, don in juye masa ya buga a tasa. Shi ma bai shiga ba. Ga mata zaune da goyo tun safe suna jiran takarda, ga aikin yini guda a kulle cikin abin da ya ci jan sa sukutum. Shef bai ɗaga murya ba. Ya ce shi takarda a hannun mutane yake so, in zuwa gobe da hantsi ban samo mafita ba zai aika a kira wani. In hakan ta faru babu aikin, babu kuma kuɗin hanya, sai dai in koma gindin bedi da kwamfuta a hammata.

Washegari da sassafe na hau kabu-kabu zuwa Dungas, na bi masu gyaran waya ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu ramin. Na uku ya duba, ya zuge wata tsohuwar gwangwanin madara, ya tona cikin tarkace ya ciro wani ɗan mahaɗi da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ya ce masu waya ne ke sayensa don kallon fim daga kile. Muka gwada, ya shiga daram. Dala ɗari na biya. Na koma ina riƙe da shi a cikin baki saboda tsoron kada ya faɗi a hanya, na isa ana shirin fara layi.

Daga ranar aiki ya miƙe, kuma ya miƙe ta hanyar da babu wanda ya tsara. Esansin da aka ba tawaga bai isa a bar gurup yana ruri tun safe har yamma ba, kuma da an kashe shi kwamfutar dattijon ba ta daɗewa take ɗaukewa. Sai muka raba aiki. Ni in yini ina bugu babu waya babu ƙara, shi yana tantance shaidu yana gyara mini kurakurai, don ya fi ni sanin ƙa'idar takardun nesa ba kusa ba. In la'asar ta yi a tada gurup na ɗan lokaci, in juye masa aikin, tsohuwarsa da ta saba da injin bugawa ta fitar da takardu. Yakan tsokane ni ya ce amaryata ba ta iya tuwo ba sai kwalliya. Ni kuma in ce tasa ba ta iya yini ba sai da rakiya. Mun zaga ƙauyuka da dama a haka, har da rugagen da mota ba ta kaiwa, inda muka ɗora kayan a kan jaki.

Garinmu yana cikin na ƙarshe-ƙarshe. Da safen ranar ina shan koko a ɗakin Inna, ina ba ta labarin mahaɗin nan, na ce mata ni har yanzu ban gane abin da ya sa Baba ya ƙi araha ranar nan ba, shi da ba a cin dalarsa. Ta ajiye ludayi ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Kai kana zaton bai san da kuɗin motar Agadas ba? Tun kafin ku fita ya ce mini ko dala ba za ta dawo gidan nan ba. Ya ce wadda ta fi tsada zai saya, ko da ta katako ce."

Na ce to zaman tabarmar fa, da yinin da aka yi ana kallonmu? Ta ce wannan kuma sai in tambaye shi, amma a saninta ba ya son ya yi abu a ce ƙarfi ya nuna, ya fi so mutum ya gani da idonsa ya rasa ta cewa. Na ji kunya irin wadda ban ji ba a Magarya, don can kunyar mutane ce, nan kuwa ta kaina ce.

Da hantsi na hango shi a cikin layi. Shi ma ashe bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba. Mutane suka yi ta cewa ya wuce gaba tunda ɗansa ne a kan tebur, ya ƙi, ya bi layi har ya iso. Ya tsuguna a gabana kamar kowa. Ƙa'ida ita ce in tambayi suna in maimaita da ƙarfi shaidu su ji, ni kuwa bakina bai taɓa furta sunan Baba a gabansa ba. Na buga sunan shiru, na juya wa dattijon allon ya karanta a madadina. Shef yana tsaye a gefe, ya gane abin da ke faruwa, ya yi murmushi ya ce wa Baba yaron nan yana da hannu, suna so su ci gaba da aiki da shi a biro, in dai ba shi ma yana da niyyar arewa, hanyar Aljeriya, ba ne kamar sauran. Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Wannan? Yana nan." Ya karɓi 'yar takardar lambarsa ya tashi.

Ban taɓa tambayarsa zancen da Inna ta gaya mini ba, shi ma bai taɓa tayar da shi ba. Na yi shekaru ina yi wa biron aiki, daga baya na buɗe shagon buga takardu da hoto a Dungas. Siririyar ta yi mini shekara biyar, sannan batirinta ya kumbura, kuma kamar yadda na faɗa a Magarya ba a samu mai buɗe ta ba. Wannan karon ni na yi gaskiya, sai dai babu wanda zan yi wa gori. Yanzu kwamfuta uku ne a shagona, dukansu na hannu ne, baƙaƙe masu kauri, don nan akwai inda zan soka waya, kuma in ɗaya ta yi tari akwai mai gyara a bayan layinmu. Ba na raina su, su suke ciyar da gidana.

Saboda haka ɗan'uwa mai tambaya, ba ni da amsa guda da zan ba ka. Masu ƙera sabon abu suna sayar maka da wani abu da tsohon ba ya iyawa, suna kuma ƙwace maka wani abu da ka saba da shi ba tare da sun yi shawara da kai ba. Masu araha suna bar maka canji a aljihu. Kafin ka tambayi kuɗi, ka fara sanin inda za ka zauna da ita da irin yinin da za ta yi. In abin da sabuwar ta ƙara shi ne ainihin abin da aikinka ya rataya a kai, to ba ta yi tsada ba. In kuwa don a gan ka da ita ne, ɗauki ta hannu ka huta. Sannan ka tambayi kanka tsakaninka da Allah me kake shirin yi da canjin, don ni a nan ne aka kama ni.

Wasu daga cikin abokan shayina sun dawo da abin hannunsu, sun gina gidajen siminti, ina taya su murna har zuciya. Akwai ranakun da kasuwa ta yi sanyi da nakan ce da na bi su da yanzu wani zancen ake. Ba ya daɗewa yake wucewa. Daminar bara zazzaɓi ya kayar da Baba, aka kira ni, kafin a sauke tukunyar da aka ɗora masa na isa gida. Ni na ɗauko shi a babur zuwa gidan likita a Dungas. Tun ina yaro rabon da ya riƙe ni, ranar kuwa ya zagaye cikina da hannu biyu ya kwantar da kansa a bayana, ina jin zafin goshinsa ta cikin riga. Ya kwana uku aka sallame shi. A hanyar komawa ya warware har yana duba gonakin mutane yana kushe nomansu. Na ɗan ƙara wuta don mu riga hadari, sai ya taɓa kafaɗata.

"Ja a hankali," ya ce. "Mu biyun duk gida za mu."